Idan Gwajin Taki Ya Ƙi Nuna Alƙibla

Sana'armu ita ce shirya wa ƙungiyoyin manoma da dillalan taki gwaji a gonar masara. A raba fili kanana-kanana, kowane yanki a ba shi nasa awon yuriya, daga sifili har kilo 120 na naitirojin (sinadarin da shuka ke samu daga yuriya) a hekta, bayan girbi a auna amfani. Mai biyan kuɗi layi mai hawa yake jira ya gani a jadawalin sakamako: taki ya ƙaru, buhu ya ƙaru. Sau tari abin da ke fitowa a jadawali ɗigo ne warwatse, kowane ɗigo amfanin yanki ɗaya, kamar an watsa wa kaji tsaba.

Ba ma fara zargin taki. Yankunan da suka sha awo ɗaya muke fara kwatantawa, shi ya sa kowane awo ake maimaita shi aƙalla sau 4, kuma ƙuri'a ke raba wuri, ba idon mai gona ba. Idan tazarar amfani da ke tsakanin yankuna huɗu masu kilo 60 ta kai wadda ke tsakanin kilo 60 da 120, to ƙasar ce ta danne takin, gwajin bai ce komai ba tukuna.

Daga nan sai a ɗauki taswirar fili a koma gona. Tsohon suri, gindin gawo, inda shanu suka kwana bara, duk suna ɗaga amfani ko ba taki. Gangare na wanke yuriya zuwa yankin maƙwabci, don haka layukan gefe ba sa shiga awo. Ƙuduji da tsutsar masara, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016, ba sa cin fili daidai wa daida. Yuriyar da aka watsa a sama ba a binne ba, wani kasonta iska ke tafiya da shi. In kuma ƙasa ta rasa sinadarin fosfaros, ko tsaminta ya yi yawa, naitirojin ba zai nuna kansa ba komai yawansa.

Laima ce ta fi yaudarar mutane. Masarar da aka auna da laimar kashi 22 ta fi mai kashi 14 nauyi, alhali ruwa ne kawai. Kowane nauyi muna mayar da shi kan laimar kashi 15: a cire laimar daga 100, a ninka da nauyin, a raba da 85. Wannan kaɗai kan jawo ɗigo da dama su dawo kusa da juna.

Ɗigon da ya fita zakka ba a goge shi don ya ɓata layi, sai in littafin gona ya nuna dalili, misali akuya ta shiga ko ruwa ya kwanta. Akwai dillalan da ke roƙon a cire, mu kuwa ba ma yi. A rahoto muna rubuta cewa a wannan fili, a wannan damina, ba a ga bambanci ba, sannan mu ba da shawarar a gwada ƙasa, a ƙara maimaici, a sake a wani filin badi.