Auren mangwaro ne ya sama mini wurin zama a Saitama

'Yan uwa a Gombe kan tambaye ni wane aiki nake yi a Japan. Ina aiki ne a wani lambun bonsai, ƙananan bishiyoyin nan da ake raino a tukunya, a unguwar Omiya ta birnin Saitama. Masu wannan sana'a sun tare a nan tun 1925, bayan girgizar ƙasar 1923 ta tashe su daga Tokyo.

Da na zo, Japananci bai zauna a bakina ba, ga sanyin hunturu mai shiga ƙashi. Shara da ban ruwa kawai nake yi. Abin da ya sa maigidana ya fara dubana da kyau shi ne yadda nake riƙe wuƙa. Hannun nan a garin Dadin Kowa na jihar Gombe ya koyi auren mangwaro, inda ake saita ɓawo da ɓawo a ɗaure har su haɗe.

Sai ya sa ni aikin da suke kira tanuki. Za a samo busasshen kututture mai kyan murɗa, a sassaƙa masa kwari da cizal daga gindi har sama, ana bin jijiyar itacen. Sannan a kwantar da ɗanyen dashe siriri na shimpaku, wata bishiya da ake yawan yin bonsai da ita, a cikin kwarin, a kama shi da sukurun da ba ya tsatsa, a naɗe. Mataccen itace ba ya karɓar aure, don haka babu haɗuwa ta gaskiya. Dashen ne zai yi ta kauri shekara da shekaru har ya cika kwarin ya ƙwaƙume kututturen. Ana shafa wa busasshen itacen haɗin farar wuta da farar ƙasa don ya yi fari, kada ya ruɓe. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, yakan bi ni har cikin jirgin ƙasa.

Manyan gwanaye a nan ba sa ɗaukar tanuki da daraja sosai, suna ganin dabara ce ta sa ƙaramin dashe ya yi kama da tsoho. Ni ina son aikin. Maigida bai taɓa sayar da shi ba tare da ya faɗa wa mai saye gaskiyar yadda aka yi ba, kuma wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Yanzu ranar Juma'a, ba sai na roƙa ba, shi ke tuna mini in tafi masallacin Otsuka a Tokyo. A can nake sayen naman halal na mako, in dawo kafin ban ruwan yamma.