Na sa wa tsohuwar akori-kurata heda, kusa ɗaya ta ci mini yini

Akori-kurata Chevrolet C10 ce ta 1978, mai injin V8 lita 5.7, wanda aka fi sani da 350. Tun da na saye ta take wani tik-tik-tik da safe, in ta ɗumama sai ya ɓace. Da na leƙa da tocila, ashe manifol ɗin hagu ne ya tsage, ƙarfen zubin nan da ke tara hayaƙin silinda huɗu ya miƙa wa salansa. Na ce tunda dai kwancewa za a yi, bari in sa heda, wato bututan hayaƙin da ake sawa a madadin manifol, in huta.

A heda kowace silinda da nata bututun, sai can ƙasa suke haɗuwa. Hayaƙin da ya fita da ƙarfi daga wannan yakan janyo na mai bi masa, injin ya samu ya numfasa. Na zaɓi mai bututu inci 1 5/8. Masu faɗi na injin tsere ne, a motar ɗaukar kaya ƙarfin tashi suke ragewa.

Kusoshi shida ne ke riƙe da manifol a kowane gefe. Na kwana biyu ina jiƙa su da man sassauta tsatsa, sha ɗaya suka fito lafiya. Ta sha biyun, can baya inda hannu ke shiga da ƙyar, ta ce ƙas, kan ya biyo sifana. Na zauna ina kallon guntun kamar zai ji kunya ya fito. Ƙarshenta noti na ɗora a kansa na yi walda ta ciki, zafin waldar ya saki tsatsar, na riƙa juyawa gaba da baya har ya fito. Yini guda cur.

Shigar da hedar ta ƙasa aka yi, bayan na ɗaga motar na cire fulogogi da sitata.

Abin da ban shirya masa ba shi ne zafi. Bututun heda siriri ne, ba ya riƙe zafi kamar ƙarfen zubi, watsa shi yake ko'ina. Sati bai cika ba wayar fulogi ɗaya ta ƙone, injin ya fara tuntuɓe. Sitata kuma, in na kashe mota da zafinta, sai ta juya da ƙyar kamar batir ya mutu, alhali lafiyarsa lau. Garkuwar ƙarfe tsakaninta da bututun, da rigunan zafi a kan wayoyin, su suka raba ni da wannan.

Ƙarfi fa? Ya ƙaru, amma ba yadda masu talla ke zuzutawa ba. A hawa da kaya nake jin sa, ba na danna totur kamar da. Muryar ce dai ta yi kauri, kuma ba zan ɓoye ba, tana burge ni.

Kusoshin heda kan saki bayan injin ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, in ka bar su gaskit ya ƙone. Na sake ɗaure su sau uku, ƙaramar sifanar tana aljihun ƙofa har yanzu.