Ɗan tsakon Hanifa da baƙin mai

Yau Asabar na tashi da farin ciki, domin an kawo wuta tun asuba, na gama guga kafin yara su farka, har na ɗora shinkafa da wake da wuri saboda Yaya Auwalu ya ce zai biyo.

Wajen ƙarfe goma sai ga Hanifa da kuka, riƙe da ɗaya daga cikin 'yan tsakinta. Ashe tasar da babanta ya juye baƙin man janareta jiya ba a rufe ta ba, ɗan tsakon ya faɗa ciki. Gashinsa ya manne da fata, yana ta karkarwa duk da ranar da ake ƙwallawa. Sau uku muka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, amma da an sake shi sai ya kai baki yana tsefe jikinsa, ni kuwa na san duk abin da ya tsefo cikinsa yake tafiya.

A nan ne na ce wa Yaya Auwalu ya tuna mini da tsuntsayen jihar Luwiziyana ta Amurka da aka riƙa nunawa a talabijin a 2010, lokacin da dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a Tekun Meziko. Sai ya ce, "Haba ƙanwata, ai teku ba tasa ba ce. Ko tanka dubu aka juye a ciki, ruwa zai cinye."

Na ce, "Yaya, da ruwa yana cinyewa, da bai dawo da shi gaɓa ba." Na faɗa masa cewa ranar 20 ga Afrilu aka yi fashewar, ma'aikata 11 suka rasu, rijiyar kamfanin BP kuma ta yi kwana 87 tana aman ɗanyen mai daga zurfin kusan mita 1,500, har gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9. Man ya taɓa gaɓar da tsawonta ya haura kilomita 2,000. Inda yashi ne an iya kwashewa, amma a fadamun bakin teku ya shiga saiwar ciyawa ya kashe ta, kuma da ciyawar ta mutu sai igiyar ruwa ta riƙa zaizaye ƙasar da tsuntsaye ke sheƙa a kai.

Ya yi shiru, sannan ya ce ai an biya diyya. Gaskiya ne, a 2016 kotu ta amince da sulhun dala biliyan 20.8. Sai dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwasa-kwasa mai ruwan ƙasa, tsuntsun da jihar Luwiziyana take alfahari da shi: a Nuwamban 2009 aka cire shi daga jerin halittun da ke gab da ƙarewa, bayan shekaru ana fama, 'yan watanni kacal kafin man ya rufe tsibiran da yake ƙyanƙyasa. Kunkurun teku kuwa, sai da mutane suka bi yashin Alabama da Fulorida suna tono ƙwansu dubbai, aka kai su gaɓar Atilantika don kada 'ya'yan su faɗa cikin mai. Dabbobin teku da ake kira dolfin na mashigin Barataria a gaɓar Luwiziyana sun yi shekaru da ciwon huhu.

Yaya ya ci abinci ya tafi, bai ce ya yarda ba.

Da la'asar ban iya zuwa gidan Anti Rabi ba, na aika mata saƙo.

Yanzu ƙarfe goma na dare ta wuce. Ɗan tsakon yana cikin kwali kusa da fitila, an lulluɓe shi da tsohon ɗankwalina, kuma tun safe bai taɓa tsakin da aka zuba masa ba. Mu huɗu muka taru a kansa yau, da ruwa da sabulu a hannu, amma har yanzu yana warin mai. Hanifa ta tashi sau biyu tana leƙa shi, ta tambaye ni ko zai kai safe, na ce mata ta yi masa addu'a ta kwanta.