Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har na ga sitona daga Tamale

Assalamu alaikum jama'ar Zango, na gida da na nesa.

Daren Juma'ar da ta wuce ina masauki a Tamale, bayan sallar isha'i, na buɗe wayata na ga ƙofar sitona da ke Aboabo a Kumasi. Kwaɗo biyu a rufe, maigadi yana kan bencinsa ya yafa mayafi yana jan carbi, fitilar maƙwabcina tana haska gefen kwata. Tsakanina da wurin akwai fiye da kilomita 350. Na daɗe ina kallo kafin na ajiye wayar na yi sujjadar godiya. Bayan Allah akwai mutanen da suka sha wahala a kan wannan abu, kuma ba zan iya yin shiru da alherinsu ba.

Wanda ya san ni ya san abin da ya same ni bara da damina. An fasa siton cikin dare, aka kwashe shinkafa da man girki, har da sikelin da na gada wurin mahaifina. Tun daga ranar, in na tafi Arewa sayen kaya, gangar jiki ce kawai ke cikin mota, hankalina yana Aboabo. Shi ya sa na sayi kyamara huɗu da akwatin naɗar hoto, wato DVR, a hannun wani ɗan uwa da ya tashi daga shagonsa. Akwatin tsohon yayi ne, ba ya da hanyar nan da ake haska lamba da waya a haɗu nan take. In ana son ganinsa daga waje sai an buɗe masa ƙofa a cikin rauta, na'urar da ke raba intanet a cikin sito, abin da masu sana'ar ke kira fot fowadin. Igiyar intanet ba ta iso layinmu ba, don haka rautata mai sim ce, ta 4G.

Mako shida muka yi a kan ƙofar nan.

Na fara da mai gyaran da ke Adum. Sau uku bawan Allahn nan yana rufe rumfarsa ya hau trotro, motar haya, ya zo. Ya shiga shafin rautar ta 192.168.8.1, ya buɗe ƙofa ta 8000 wadda manhajar waya ke bi, da ta 554 wadda hoton ke fitowa ta cikinta, ya nuna su ga akwatin. Muna cikin sito hoto tar. Da na taka zuwa bakin titi, sai allo ya yi baƙi. A zuwansa na uku ya goge zufa ya ce, "Alhaji, iyakar sanina ke nan. Aikina daidai yake, amma akwai abin da ya fi ƙarfina. Kada ka sayi wata rauta tukuna." Ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya na zuwan biyu na ƙarshe. A lokacin mutum uku sun riga sun ce mini rautar ce ta lalace, kowa da wadda zai sayar mini. Shi kuwa yana da su jere a rumfarsa, bai tallata mini ko ɗaya ba. Malam, Allah ya sa wa sana'arka albarka.

Sai 'yar ƙanwata, wadda ke karatun kwamfuta a jami'ar KNUST da ke Kumasi. Ta zo gaishe da uwargida ne ranar Lahadi, ta tarar da ni na tasa rauta a gaba. Ba ta taɓa ƙofofin ba sam. Lamba biyu kawai ta duba: adireshin da kamfanin layi ya ba rautar, da adireshin da duniya ke ganina da shi in na shiga intanet. Na farkon ya fara da 100.72, na biyun wani abu ne dabam. Ta ce, "Kawu, ƙofarka a buɗe take. Gidan ne ba naka kaɗai ba."

Ga yadda ta fahimtar da ni, kuma don wannan bayanin ne na tsawaita rubutun. Ta ce in ɗauki gidan haya irin namu na Zango, ɗaki ashirin, zaure ɗaya. Kowa yana fita ya dawo, in ka aiki yaro zai kawo maka saƙo har ɗakinka, domin an san wanda ya aike shi. Amma baƙon da ya zo daga waje da lambar gida kawai, a zaure zai tsaya, ko da ka wangale ƙofar ɗakinka, tunda mai zauren bai san wurin wa ya zo ba. Haka kamfanonin layin waya suke yi, su tara masu sim da yawa a bayan adireshi ɗaya. Sunan tsarin CGNAT. Dalili kuwa, adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, kusan biliyan 4.3 ne duka duka, kuma babban rumbun da ake rabo daga cikinsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. A 2012 aka keɓe lambobi daga 100.64 zuwa 100.127 musamman don wannan zaman haya. Duk wanda ya ga rautarsa ta sami irin wannan lamba, ko wadda ta fara da 10, to ya huta da danne-danne, gyaran ba a hannunsa yake ba.

Minti goma ta yi. Ni kuwa na ji kamar an sauke mini buhu daga ka, domin ciwon da aka san sunansa ya fi sauƙin jinya.

Daga nan sai ofishin kamfanin. Na sha kiran layin taimako ana ce mini in kashe in kunna. A ofis ma sai da na je sau biyu kafin Allah ya haɗa ni da wata baiwar Allah da ta gane zancen tun ban gama ba. Ta ce abin da nake bukata layin kasuwanci ne mai adireshinsa na kansa wanda ba ya canzawa, ana biya duk wata. Ta rubuta mini takardun da zan kawo, Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da rajistar kasuwanci, ta bi maganar da kanta, ta kira ni ranar da ya fito. Ita ta rubuta mini sabon APN a bayan rasit, sunan mashigar da ake sa wa rauta. Ba Bahaushiya ba ce, da Twi da ɗan Turanci muka yi ta, amma ta yi mini abin da 'yar uwa ke yi. Allah ya tsare ta da iyalinta.

Kwana biyu abu yana aiki, sai aka ɗauke wuta. Da ta dawo, hoto ya ɓace. Ashe duk lokacin da rauta ta tashi tana iya sake raba lambobin cikin gida, akwatin ya koma wata lamba, ƙofar kuma tana nuna inda ba kowa. A nan zan gode wa yaron shagona. Ƙarfe goma na dare ya dawo daga Sawaba, ya tsuguna bayan buhuna da tocila a baki, yana karanta wa 'yar ƙanwata lambar jikin akwatin ta waya harafi bayan harafi, har aka ɗaure shi a kan lamba ɗaya. Shi ne kuma yake fita waje ya kashe wayfay ya gwada da datar wayarsa, saboda gwaji daga ciki yana iya yaudarar mutum.

Abu ɗaya 'yar ƙanwar tawa ta kafe a kai, har muka ɗan yi sa-in-sa. Ni ina ɗokin gani, ita ta ce ba za ta bar ƙofa a buɗe ba sai an canza kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita. Ta ba ni labarin Mirai, cutar kwamfuta da ta kame dubban kyamarori a 2016 ta hanyar gwada kalmomin sirri na masana'anta kawai. Ta kuma hana a kunna DMZ, wanda wani ya ce mini shi ne gajeriyar hanya, domin yana sakin ƙofofin ne gaba ɗaya. Cikin ƙofa 65,535 biyu muka bari. Washegari ta nuna mini rajistar akwatin, ga baƙin adireshi sun yi ta gwada shiga cikin dare ba su samu ba. Gaskiyarki ce 'yata. Allah ya ba ki ilimi mai amfani, ya sa ki gama lafiya, ya faranta wa iyayenki kamar yadda kika faranta mini.

Uwargida, na gode da haƙurin abincin da ya sha hucewa. Maigadi, Baba, ba don rashin yarda da kai na sa kyamara ba, na faɗa maka a gabanka kuma ina maimaitawa a bainar jama'a: don in wani abu ya taso cikin dare ka san ba kai kaɗai ba ne.

'Yan kasuwarmu da ke fama da irin wannan, matakan suna rubuce da hannun yarinyar a takarda, na manna ta a bango kusa da sabon sikeli. In sha Allahu Talata zan dawo Kumasi. Ku same ni bayan la'asar, ku zo da rautar da cajarta, mu fara duba lambar nan tukuna.