Abin da ajin yamma ya koya mini a Tawa

Shekara shida ke nan ina riƙe da ajin sababbin masu bi a wata ƙaramar ikkilisiya a garin Tawa. Da safe ina koyar da yara a lakwal, ranakun Talata da Alhamis kuwa, in rana ta yi sanyi, sai in ɗauki alli in nufi ɗakin sujada. Aikina shi ne in koya wa manya baƙi da wasali har su iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansu, in kuma shirya su domin baftisma. Tun 1932 aka fitar da cikakken littafin da Hausa, amma me zai amfana wa wanda bai iya haɗa "ba" da "bi" ba?

Lokacin da dattawa suka ba ni aikin, na ɗauka bangaskiya a kan allo take. Na tsara darussa goma sha biyu, na ce duk wanda ya haddace su ya kafu. Wani saurayi mai gyaran babur ne ya fara warware mini wannan tunani. Daga wani ƙauye na wajen Madawa ya fito. Ya yi jinyar wansa kusan wata biyu a asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, can ya fara jin bishara. A aji ba shi da ƙoƙari ko kaɗan. In na tambaye shi darasin makon jiya sai ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa masu baƙin mai.

Wata rana na ce ya rufe mana da addu'a, ina fargabar zai yi shiru. Sai ya buɗe baki ya ce, "Uba, ga mu nan, hannu wofi muka zo." Na ɗaga kai. Wannan ba daga darasina ya fito ba. Kalmomin wata tsohuwa ce ta zumuntar mata, wadda kowa ke kira Inna, har da yadda take jan numfashi kafin ta ce amin. Ashe tun zuwansa gari a gidanta yake cin tuwon dare. Kullum kafin a sa hannu a akushi sai ta yi addu'a, shi kuma yana ji.

A ƙidayar 2012 Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. A nan Adar kuwa, yankin da Tawa take, mun fi haka ƙaranci, kowa ya san kowa har ƙofar ɗakinsa. Wanda ya shigo cikinmu sabo, ba tambayar tauhidi ce ke hana shi barci ba. Tunaninsa shi ne da wa zai ci abinci, wa zai shige masa gaba wajen neman aure, in ya mutu wa zai ɗauki gawarsa. Waɗannan ba a amsa su da alli. Mata ne ke amsa su da adashensu da tukunyar da suke ɗorawa in an yi haihuwa. Dattijon da ya sa babbar riga ya je ya zauna a zauren surukai a matsayin uba, shi ma ya amsa. Sai a lokacin na fahimci abin da ya sa Ayyukan Manzanni sura 2 ta ambaci koyarwar manzanni da zumunci da cin abinci gida gida a wuri ɗaya.

Amma babban darasin, kuskurena ne ya jawo shi. Saƙo ya zo cewa ƙanwar saurayin nan ta haihu, za a yi suna. Ya zo wurina jiki a sanyaye, domin tun da mahaifinsa ya ji labarinsa bai sake yi masa magana ba. Ni kuma, da niyyar in ƙarfafa shi, na ce, "Kada ka damu, mu ne danginka yanzu." Inna tana gefe tana tsince zogale. Ta ajiye faifan ta ce, "Malam, kai ka yi naƙudarsa?" Ban ce komai ba. Ta juya wurinsa: "Ɗana, tashi ka shirya. Wadda ta goya ka tana can tana duban hanya."

Ta auna masa tiya biyu na gero, ta haɗa da sabulu da sukari, ta kwance bakin zane ta ba shi jika uku na mota. Ta kuma tuna mini da abin da ni kaina nake koyarwa a darasi na huɗu, dokar girmama uwa da uba da ke Fitowa sura 20. Dokar ba ta ce sai iyayen da kuke addini ɗaya ba. Ya je. Mahaifin bai amsa gaisuwarsa ba, amma bai kore shi ba. Uwar ta karɓi sabulun ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Na san inda maganata ta "mu ne danginka yanzu" ta samo asali. A watan Janairun 2015 ina ɗalibi a Yamai lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, sakamakon zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa. Tun daga nan wani tsoro ya zauna mini, irin wanda ke sa mutum ya ja nasa ya rufe ƙofa. Sai dai na manta cewa a wannan rana maƙwabcinmu Musulmi ne ya shigar da ni gidansa, ya zauna a bakin ƙofa har dare. Zumuncin da tsoro ya ɗaure yakan matse wanda ya shigo. Na ga haka da idona: wata yarinya ta daina zuwa aji saboda duk Lahadin da ba ta zo ba sai mutum biyar sun bi ta da tambaya, kuma abin da ta faɗa wa mutum ɗaya a asirce ya zama abin roƙon addu'a a gaban jama'a. Da kyakkyawar niyya muka yi, amma mun rasa ta, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Yanzu ban bar darussan ba, karatu wajibi ne. Amma in sabon mutum ya zauna a benci, kafin in ba shi alli nakan tambaye shi inda ya ci abinci jiya, da yaushe rabonsa da jin muryar mahaifiyarsa. Abin da ya faɗa mini kuma ba ya wuce tsakaninmu sai da izininsa.

Saurayin nan an yi masa baftisma bayan shekara biyu, har yanzu yana karatu da yatsa a kan layi. Duk damina yakan rufe rumfarsa ya tafi ƙauye ya taya mahaifinsa noma. Bana da ya dawo bayan girbi, ya sauke ƙullin wake a tsakar gidan Inna, ya ce mahaifiyarsa ce ta ce a kawo wa matar da ke ba ɗanta tuwo.