Dashenmu na bakin Jakara

Yau da sanyin safiya muka je ban ruwan itatuwan da muka dasa da damina a bakin rafin Jakara, gefen lambuna. Awaki sun gwaguye kusan rabi. Raina ya ɓaci, har na ce ni da sake zuwa haihata-haihata.

Can sai ga wata 'yar darbejiya an kewaye ta da ƙaya, gindinta jiƙe sharkaf. Ashe aikin Baba mai lambun ne, shi da ranar dashe ya dage inuwa za ta kashe masa latas. Na ce, "Baba, kai ne?" Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Yaro, bara ruwa ya cinye min kunya biyu a nan." Har yanzu nauyin maganata ta ɗazu nake ji.