Canjin kwas a The Sims 2: abin da gwajin yau ya nuna

Juma'a, Jidda. Daga saukowa masallaci har la'asar zafin rana ba ya barin a fita, sai na zauna gaban kwamfuta da tambayar da ɗan yayata ya aiko jiya: in Sim ɗinsa, wato mutumin da yake sarrafawa a cikin wasan kwamfuta, ya bar dirama ya koma ilimin halittu, shekarun da ya yi sun tafi a banza? The Sims 2 yake bugawa, wanda aka sake fitarwa a Janairun 2025, da ƙarin jami'a na 2005 a cikinsa.

Ba su tafi ba. Canjin kwas ɗin, ko tahawil kamar yadda ɗalibai ke cewa a nan, ba ya cin ko sisi, ba ya mayar da kai aji ɗaya. Ka danna waya ko kwamfuta, ka shiga sashen jami'a, ka zaɓi ɗaya cikin kwasa-kwasai 11. Shi ke nan.

Lokaci ne abin lura. Karatun zango takwas ne, biyu a shekara, kowanne awa 72 na agogon wasan. Wanda ya shiga shekara ta uku bai zaɓi komai ba, wasan zai jefa shi falsafa, ko yana so ko ba ya so. Da an shiga ta huɗu kuma ƙofa ta rufe, abin da ke hannunka da shi za ka fita.

Inda ake faɗuwa shi ne ma'aunin ƙoƙari. Kowane zango yana da ƙwarewar da yake nema, kuma muddin ba ka cika ta ba ma'aunin yana da rufin da ba zai wuce ba, ko aji nawa ka shiga, ko aikin gida nawa ka yi. Ɗan dirama ya ƙare rayuwarsa gaban madubi yana koyon iya magana. Ilimin halittu kuwa kaifin tunani yake so, kuma matakin 'yan zangon da kake ciki za a nema, ba na sabon shiga ba. Na gwada a zango na biyar, saura awa 20 jarrabawa. Sim ya kwana kan allon dara, ma'aunin barci ya yi ja, ya tashi ya tafi jarrabawa yana layi. Da kyar ya sha. Da ya faɗi, maimaita zangon zai yi bisa gargaɗi, faɗuwa ta biyu kuma kora ce.

Da na sake lodawa na yi canjin daidai bayan jarrabawa, da awa 72 cif a gaba, abin ya zo da sauƙi. Ranar farko dara da karatun littafi kawai, sai rufin ya ɗaga, sannan a rubuta babbar takardar zango a kwamfuta. Rubuta ta kafin rufin ya ɗaga asarar wahala ce. A duba lokacin aji ma, don yana iya sauyawa, farfesoshi kuma sababbi ne, abotar tsofaffin ba ta ƙara maki.

Sakamako mafi girma yana kawo tallafin simoliyon (kuɗin cikin wasan) 1,200 a zango, kuɗin da ke fitar da ɗalibi daga hostel ya kama haya. Na tura wa yaron saƙo ya dakata har Sim ɗinsa ya fito jarrabawa. An kira magariba bai buɗe ba tukuna.